Waliyyi ba Siffa: Bartalamawas na Wusasa da Matsayin Mutum-mutumi a Ƙasar Zazzau

Tsakure

A tsofaffin garuruwan Turai masu bin ɗarikar Katolika, abu ne da aka saba gani a kafa mutum-mutumin wani waliyyi a tsakiyar dandali, kuma jama'a sukan ɗora wa irin wannan siffa al'adu nasu na kansu. Wannan maƙala ta ɗauki waliyyi guda, wato Bartalamawas, wanda tsohon cocin Wusasa ke ɗauke da sunansa, ta bi sawunsa daga Rum zuwa Landan har ƙasar Zazzau, domin a ga abin da ya iso tare da sunan da abin da aka baro a hanya. Ta kuma duba abin da Bahaushe ke riƙewa a gurbin siffa idan yana son tuna wani babba ko neman albarkarsa. Daga nan ta tattauna kalmomin gunki, mutum-mutumi, waliyyi da tsarkaka, waɗanda mai fassara ba shi da yadda zai kauce musu.

1.0 Gabatarwa

Ƙofar Jatau ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zariya, tare da irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kona, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kibo. Al'ada tana danganta sunanta da Sarkin Zazzau Isiyaku Jatau, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 18. Shi ne mahaifin Makau, sarkin Haɓe na ƙarshe da ya zauna a birnin kafin jama'ar Malam Musa su fitar da shi a farkon ƙarni na 19, kuma shi ne mahaifin Abu Ja, wanda ya kafa tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1828. Fiye da shekara 200 ke nan da rasuwar Jatau, amma sunansa bai bar bakin mutane ba: ɗan acaɓa yana faɗarsa, mai neman kwatance yana faɗarsa, haka ma mai rubuta adireshi. Duk da haka ba a sassaƙa kamanninsa ba, ba a kuma kafa masa wani abu mai siffar mutum a bakin ƙofar ba. Ƙofar ce kawai, da sunan.

Da a ce Jatau sarkin wani gari ne na Italiya, da watakila an tarar da shi bisa dokin tagulla a bakin ƙofarsa, da wani waliyyi na dutse yana tsaron dandalin da ke kusa. Amsar da aka fi saurin bayarwa kan wannan bambanci ita ce Musulunci ya hana siffanta mai rai. Amsar gaskiya ce, amma ba ta wadatar ba, domin tafiya kaɗan daga ganuwar akwai Wusasa, garin da aka kafa wa Hausawa Kirista, mai coci da sunan waliyyi, kuma can ma ba a kafa wa waliyyin siffa a dandali ba. Don haka akwai buƙatar a faɗaɗa tambayar: wane aiki mutum-mutumin waliyyi yake yi a inda ake kafa shi, kuma mene ne ke yin wannan aikin a inda ba a kafa shi?

2.0 Bartalamawas a ƙasashen Turai

Bartalamawas yana cikin almajirai goma sha biyu na Annabi Isa (AS), waɗanda Musulmi ke kira Hawariyawa. Sabon Alkawari bai ba da labarinsa ba, in ban da jero sunansa cikin na 'yan'uwansa. Abin da ya cike wannan giɓi shi ne ruwayar da ta yaɗu daga baya, cewa ya kai wa'azi gabas har Armeniya, inda aka feɗe shi da rai. Daga wannan ruwaya ce masu zane da masu sassaƙa suka samo masa alama: wuƙa a hannu, wani lokaci da fatarsa rataye a kafaɗa. Siffar da Marco d'Agrate ya sassaƙa a 1562, wadda ke cikin babban cocin Milan, ta nuna shi feɗaɗɗe, ya yafa fatarsa kamar mayafi. Daga nan kuma majema da mahauta da masu aikin fata suka ɗauke shi majiɓincin sana'arsu. Hujjar tasu ba ta littafi ba ce, ta ido ce: sun ga wuƙa da fata, sai suka ga nasu. Ranar tunawa da shi ita ce 24 ga Agusta.

A birnin Rum akwai wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogin Tiba, wanda tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa aka san shi da neman waraka, saboda ɗakin bautar Askulafiyus, abin bautar Rumawa na magani. A kan kufan wannan ɗaki ne Sarki Otto na III ya gina coci wajen shekara ta 1000, wanda aka san shi da sunan Bartalamawas, kuma ake cewa ƙasusuwansa suna ciki. Har yau akwai bakin tsohuwar rijiya a tsakiyar matakalar da ke kai wa ga bagadin cocin, sannan daura da shi akwai asibitin da aka buɗe a ƙarshen ƙarni na 16. Addini ya sauya, amma abin da ke kai mutane tsibirin bai sauya ba. A dandalin da ke gaban cocin ne Fafaroma Pius na IX ya sa aka kafa wata 'yar hasumiya a 1869, mai fuska huɗu, kowace fuska da siffar waliyyi guda, ɗaya daga ciki Bartalamawas. Kafin ita akwai wani ginshiƙi a wurin, wanda kowace 24 ga Agusta akan liƙa masa sunayen mutanen da ba su karɓi jibin Ista ba, domin a kunyata su. A ranar kuma akan yi bikin kankana, a riƙa jefa ta cikin kogi samari suna iyo suna kamowa, har sai da hukuma ta hana saboda haɗari.

Wannan dandali guda ya isa ya nuna cewa siffar waliyyi ba ado ba ce kawai. Tana shaida wa baƙo mai wurin. Tana riƙe wa gari ranarsa ta shekara, wadda ibada da kasuwa da wasa suke haɗuwa a cikinta. Tana kuma iya zama bulala a hannun masu iko, kamar yadda ginshiƙin sunaye ya nuna. A Landan ma ranar Bartalamawas ce ta haifar da babbar kasuwar shekara ta Smithfield, wadda ta fara da iznin Sarki Henry na I a 1133, ta shahara da cinikin tufafi, ba ta mutu ba sai a 1855, bayan ta daɗe da zama dandalin wasanni da sharholiya. Wanda aka ba iznin kasuwar, wani bafade mai suna Rahere, shi ne ya kafa Asibitin Bartalamawas a 1123, domin cika alwashin da ya ɗauka sa'ad da ya kwanta ciwo a Rum. Za a sake cin karo da wannan asibiti a gaba.

Inda al'adar ta fi jan hankalin manazarcin al'adun Hausa shi ne arewacin Fotugal, a wani ƙauyen bakin teku na yankin Esposende da ake kira Bartalamawas na Teku. Mutanen wannan yanki suna cewa ranar 24 ga Agusta Shaiɗan yakan kwance, domin a wasu siffofin waliyyin akan nuna shi riƙe da Shaiɗan a sarƙa. A ranar, iyaye sukan kawo yaransu, kowane yaro rungume da baƙar kaza, ya kewaya cocin sau uku, ya ratsa ta ƙarƙashin gadon da ake ɗaukar siffar waliyyin, sannan a kai shi teku a tsoma shi cikin igiyar ruwa sau uku ko biyar ko bakwai, ba a yin cika sai mara. Manufar ita ce a raba yaron da firgita da in'ina da farfaɗiya. Babu wani littafin coci da ya yi umurni da baƙar kaza ko da lissafin igiyar ruwa. Abin da coci ya tabbatar, a taron Nikiya na biyu a 787 da kuma taron Trent a 1563, shi ne halaccin girmama siffofi, bisa sharaɗin cewa girmamawar tana wucewa ne zuwa ga wanda aka siffanta, kuma bauta ta Allah ce shi kaɗai. Taron Trent ma ya yi gargaɗi game da camfi a wannan babi. Sauran duk ƙarin jama'a ne, wanda malaman coci wani lokaci sukan yi yaƙi da shi, wani lokaci su kau da kai. Wanda ya san tazarar da ke tsakanin abin da malamin zaure ke karantarwa da abin da tsohuwa ke yi wa jikanta idan ya yi firgita ba zai ga baƙon abu a nan ba.

3.0 Yadda sunan ya iso Zazzau

A 1900 wata tawagar ƙungiyar mishan ta C.M.S., ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta ratsa Zariya ta isa Kano, inda Sarki Alu ya umurce su da su fita. Suka koma suka zauna a Girku. Cikinsu akwai likita Walter Miller, wanda ya yi karatun likitanci a Asibitin Bartalamawas na Landan, ya kuma koyi Hausa a Tarabulus. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, Miller ya sami zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, inda ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Zaman mishan a cikin ganuwa bai taɓa kwanta wa sarauta ko Turawan mulki a rai ba, har dai aka mayar da ita Wusasa a 1929, kusa da dutsen Kufena. Can aka gina coci da tubali da azara bisa salon ginin Hausa, aka sa masa sunan Bartalamawas, aka kuma kafa makaranta da asibiti. Sunan da Miller ya baro a Landan shi ne ya sake bayyana a Wusasa, kuma tsarin coci daura da asibiti, wanda aka gani a tsibirin Tiba da Smithfield, ya maimaita kansa. Daga wannan gari aka sami Dokta R. A. B. Dikko, da Janar Yakubu Gowon, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Abin da bai iso ba shi ne siffar da duk abin da ke rataye da ita. Dalili na farko yana cikin tarihin Ingila. Tun 1548, zamanin Sarki Edward na VI, aka ba da umurnin fitar da siffofi daga coci-coci, sannan sharaɗi na 22 cikin sharuɗɗa 39 na aƙidar Angilikan, waɗanda aka tabbatar a 1571, ya yi watsi da girmama siffofi da kayan waliyyai da kiran sunayensu a addu'a. Ƙungiyar C.M.S., wadda aka kafa a 1799, ta fito ne daga ɓangaren da ya fi tsananta riƙo da wannan matsayi. Ingila ta ajiye sunayen waliyyai a kan coci da asibiti da ranakun kalanda, ta zubar da siffofinsu. Bartalamawas ya riga ya rasa jikinsa na dutse shekaru fiye da 300 kafin ya taka ƙasar Hausa.

Dalili na biyu yana cikin tarihin waɗanda suka karɓe shi. Wani kaso mai muhimmanci na Hausawa Kirista na farko a Zazzau ya fito ne daga Isawa, mabiya Malam Ibrahim, malamin da ya ba Annabi Isa wani matsayi na musamman ta hanyar karatunsa na Alƙur'ani, aka kashe shi a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Jikokin almajiransa ne suka nemi Miller a 1913, aka zaunar da su a Gimi, har ciwon barci ya tarwatsa garin. Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga wannan tsatso ya fito. Mutanen da suka zo ta ƙofar allo da tawada, masu tsananin riƙo da kaɗaita Allah, ba su ne za su nemi a sassaƙa musu waliyyi ba. Abin da suka nema littafi ne, kuma shi aka ba su: Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932, Miller na cikin manyan masu aikinsa. Don haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa tsoron maƙwabta ne kaɗai ya hana kafa siffa a Wusasa. Mishan ɗin da mabiyanta da maƙwabtansu Musulmi, kowa da hujjarsa, sun haɗu a kan matsaya ɗaya.

Majeman Zazzau kuwa ba su taɓa buƙatar Bartalamawas ba. A al'adar Musulmi, masu sana'a suna da waɗanda suke jingina da su tun da can: maƙera da Annabi Dauda, maɗinka da Annabi Idrisu, masassaƙa da Annabi Nuhu. Jinginar ta labari ce da addu'a, ba ta siffa ba. Ɗarikar Katolika, wadda ta riƙe al'adar siffofi, ta kafu ne a wajen ganuwa, musamman Sabon Gari, kuma Zariya ba ta zama dayosis nata na kanta ba sai a shekara ta 2000. Siffofinta suna zama ne cikin coci da harabarsa, ba a dandalin gari ba.

4.0 Abin da ke tsaye a gurbin siffa

Rashin siffa a ƙasar Hausa ya girmi jihadi, kuma akwai alamar ya girmi Musulunci kansa. Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1908, bai siffanta Tsumburbura da wani sassaƙaƙƙen mutum ba. Abin da ya ambata itace ce da aka kewaye da bango, wadda ba mai shiga wurinta sai Barbushe, da kuma dutsen Dala, da kurmin Jakara. Hadayar da ake kai wa ta haɗa da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Kamar da ke tsakanin wannan baƙar kaza da ta Fotugal tana da ɗaukar ido, amma ba hujja ba ce ta tushe ɗaya. Baƙar dabba a matsayin fansa abu ne da al'ummomi da yawa suka kai gare shi ba tare da sun san juna ba. Ko Dirki, wanda sarakunan Kano suka riƙa yi wa yanka har zamanin Alwali, ba siffa ba ne: Alƙur'ani ne da aka naɗe cikin fatu. Greenberg (1946) ma, a nazarinsa na Maguzawan ƙasar Kano, ya tarar da iskoki suna zaune a itatuwa da duwatsu da jigo, ba a cikin sassaƙe ba. A bori kuwa, idan iska na son jiki, jikin ɗan Adam yake hawa.

Kada a ce rashin gwaninta ne. Siffofin yumɓu na Nok, a kudancin jihar Kaduna, sun nuna cewa an iya ƙera fuskar mutum a wannan yanki fiye da shekara 2000 da suka wuce. Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, ya nuna iyakar abin da hannu zai iya yi da laka, amma ya zuba gwanintarsa cikin baka da ginshiƙi da zane. A 1958 kuma ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a Zariya, wadda ta sauya fasahar Nijeriya baki ɗaya. Abin lura shi ne, shahararren mutum-mutumin Sarauniya Amina, wanda Ben Ekanem ya yi a 1975, an kafa shi ne a gaban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Legas. A ƙasar Hausa, abin tunawa da ita shi ne kalmar nan “ganuwar Amina”, wadda ake kiran tsofaffin ganuwoyi da ita ko da ba ita ta gina su ba.

Idan aka duba sunayen unguwannin birnin Zariya za a ga inda ƙwaƙwalwar gari take ajiye. Rimin Doko, Rimin Tsiwa, Rimin Kambari, Durumin Maigarke: itace da suna. Itacen kan faɗi, sunan ya zauna. Babban Dodo mahaɗar hanyoyi ce a yau, cike da 'yan kasuwa da ababen hawa, amma kalmar dodo tana nan daram a sunan. Aikin nan na shaida mai wuri, wanda hasumiyar tsibirin Tiba ke yi da dutse, a nan suna ne ke yin sa, kuma Ƙofar Jatau misali ce guda cikin da yawa.

Aikin riƙe ranar shekara da na neman albarka kuwa sun koma kan kabari da dutse. Katsina tana alfahari da waliyyanta, irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani da Ɗan Takum, kuma an san makwantansu. Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda aka binne Shehu Usmanu bayan rasuwarsa a 1817, da kabarin Sarkin Musulmi Bello a Wurno, ba sa rabuwa da masu ziyara. A Kano, maukibin Ƙadiriyya da Shaihu Nasiru Kabara ya assasa yakan fita duk shekara zuwa makwantan waliyyan birnin, da tutoci da bandiri, sannan ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, jama'a sukan hau Dala, dutsen Barbushe. Zariya ma tana da nata, irin su Malam Umaru Wali, malamin Tijjaniyya na ƙarni na 19, wanda laƙabinsa kaɗai ya isa shaida. Ta fuskar tsari, maukibi da jerin gwanon waliyyi na Fotugal suna kama: rana ƙayyadadda, hanya sananna, taron da ibada da ciniki suka gauraya a cikinsa. Bambancin shi ne a Fotugal ana ɗauko waliyyin a kewaya gari da shi, a Kano kuwa gari ne ke tashi ya je inda waliyyin yake kwance. Har a Wusasa haka abin ya kasance: Miller ya rasu a 1952, kuma abin da ake nuna wa baƙo ginin cocin ne, ba siffarsa ba.

Wannan gurbi ma bai tsira daga jayayya ba. Shehu Usmanu da kansa ya yi suka mai zafi ga masu girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka, kuma ƙungiyar Izala, tun kafuwarta a Jos a 1978, ta mayar da ziyarar kaburbura domin neman albarka ɗaya daga cikin manyan abubuwan da take yaƙa. Muhawarar da Turai ta yi a kan siffa a ƙarni na 16, ƙasar Hausa tana yin irinta a kan kabari, kuma tambayar ɗaya ce: ina girmamawa ta tsaya, ina bauta ta fara?

5.0 Matsalar kalmomi

Duk wannan yana da tasiri kai tsaye a kan mai fassara da mai rubuta labari da mai tsara ƙamus. Hausa tana da kalmomi biyu da ake musanyawa wajen kiran siffar da aka sassaƙa, kuma ba ɗaya suke ba. Gunki abin bauta ne. Da wannan ma'ana masu tafsiri ke amfani da shi wajen labarin Annabi Ibrahim, da ita kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa ya yi amfani da shi a dokar da ta hana sassaƙa abin bauta. Kalmar tana ɗauke da hukunci a cikinta. Musulmin da ya ji ta yana da labari a shirye: sunayen nan biyar da aka ambata a Suratu Nuhu, waɗanda ruwayar Ibn Abbas ta bayyana cewa mutanen kirki ne da aka yi wa siffofi domin tunawa, har zamani ya ja aka bauta musu. Wanda ya rubuta “gunkin Bartalamawas” ya riga ya yanke wa Bakatolike hukuncin bautar gumaka, zargin da taron Nikiya da na Trent suka zauna musamman domin su kore. A garin da rikicin da ya faro daga Kafancan a watan Maris na 1987 ya iso har aka ƙona wuraren ibada, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Mutum-mutumi ba ta da wannan nauyi, domin kama kawai take nunawa. Amma tana da nata rauni: ita ce sunan abin da manomi ke kafawa a gona ya sa masa tsumma domin korar tsuntsaye, kuma kafofin yaɗa labarai sun ɗora mata ma'anar na'ura mai aikin mutum. Akwai ɗan ƙasƙanci a cikin ninkin kalmar, wato abu mai kama da mutum wanda bai kai mutum ba. Duk da haka ita ce ta fi dacewa da rubutun ilimi, domin ƙasƙancinta na sauti ne, na gunki kuwa na aƙida ne. Inda ake son kauce wa duka biyu, siffa tana iya ɗaukar nauyin, muddin an fara bayyana cewa sassaƙaƙƙiya ce. Gunki kuwa wurinsa shi ne inda ake kawo ra'ayin wanda ya ɗauki abin a matsayin abin bauta, a kuma faɗi ko wane ne.

Kalmar waliyyi ta fi wannan sarƙaƙiya. A wajen Musulmi ba wata hukuma ke naɗa waliyyi ba. Shaidar jama'a ce da labarin karama, kuma yana iya kasancewa da rai. A ɗarikar Katolika kuwa, tun daga 993 da Fafaroma ya fara ayyana wani a hukumance, abin ya zama tsari mai bincike da shaidu, kuma sai bayan mutuwa. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki sun zaɓi tsarkaka, kalmar da a wasiƙun Bulus ta game dukan masu bi, ba wasu zaɓaɓɓu ba, wanda kuma shi ne ainihin fahimtar C.M.S. Amma tsarkaka ba ta zama laƙabi a gaban suna, shi ya sa Kirista masu magana da Hausa sukan ce Waliyyi Bulus ko Waliyyi Bitrus idan suna kiran sunan coci. Wato kalmar da aka kauce wa a cikin littafi ta dawo ta kan allon ƙofa. Aron yana da madogara, domin tushen kalmar a Larabci ya ƙunshi kusanci da jiɓinta, su ne kuma abubuwa biyu da majemin Italiya ke nema a wurin Bartalamawas. Sai dai mai karatu Musulmi zai ji waliyyi ya tuna Ɗan Marina da hubbare da maukibi, mai karatu ɗan Wusasa zai ji ta ya tuna sunan makarantarsu kawai, Bakatoliken Sabon Gari kuma ya tuna siffa da kyandir. Marubucin da zai kawo labarin bikin Esposende da Hausa dole ne ya faɗi, tun a jimlar farko, wanne daga cikin waliyyan nan uku yake nufi.